Furar Rana Tsaka

Tibiri, kafin saukar damina

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki Ma'azu da yara. Yaya zafin Damagaram? Nan Tibiri kowa lafiya. Inna tana gaishe ki, kin dai san ta da kunyar ƴar fari, ba ta kama sunanki, sai ta ce "a gaida waccan ta gabas." Matata Shamsiyya ma tana gaisuwa. Amira ta fara tafiya, ta kuma fara ɓarna.

Da na kira ki a waya, amma kunnen nan naki da sanƙarau ya taɓa ba ya shiri da waya, ni kuma ba na so in tsaya tsakar gida ina ɗaga murya da abin da zan faɗa. Shi ya sa na ba Is'haƙa direba takarda.

Yaya, abin gidanmu ya iso kaina. Na jima ina shan ruwa kamar raƙumi, fitsari ba ya ƙarewa, wanduna sun yi mini yawa. Da na kai rahoto garin Dutsi sai na biya asibiti. Suka huda mini yatsa, likita ya dubi na'urarsa, ya dube ni, ya ce ciwon suga ne. Baba ya yi shi, ke kina da shi, ga ni na shigo layi. Ya rubuta mini wata ƴar ƙwaya fara, a sha kowace safiya. Ya yi bayani da sauri cikin Faransanci saboda mutane sun cika ƙofa, ni kuwa hankalina yana wurin Baba, rabin maganar ta wuce ni.

Kin san aikin malamin gona. Ana sallame asuba nake hawa moto, wato babur, ba a ma hura wuta ba. In tsaya wurin mai shayi in sha kofi ɗaya mai suga da yawa, sai ƙauyuka. Can kuwa ba na cin abincin kowa. Bana ni ke rabon iri, in na sa hannu a kwanon wani, gobe a ce don haka ya samu buhu. Sai in haƙura har dare, a kawo mini tuwon gero malmala uku da miyar kuka, in share, in kwanta. Ni a ganina mutumin da ke ci sau ɗaya a yini bai kamata suga ya kama shi ba, amma ga shi ya kama.

Ke da kika riga ni shiga, gaya mini yadda ake zama da shi. Ban faɗa wa Inna ba tukuna. Ina tsoron abin da zai tuna mata.

Ƙaninki,
Luƙman

*

Damagaram

Zuwa ga Luƙman ɗan Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a biro, wurin aikinmu, na shiga banɗaki na yi kukana na fito. Mu duk lafiya, sai zafi. Ka gaida Inna, ka gaida amarya da Amira.

To malam mai malmala uku, ka ce ba ka san inda suga ya same ka ba? Can ya same ka, cikin kwanon dare. Ni ma haka na yi shekaru. In fita aiki da ruwan shayi, in yini ina buga takardun lakkwal, makarantar boko, in dawo in haɗa abincin yini duka in zuba wa cikina lokaci ɗaya. Likitana ya ce wannan ita ce cutar ma'aikata. Tuwo da shinkafa da fura duk suga suke zama a jini. In ka ci su da safe ko da rana, jiki yana motsi, yana ƙone su. In ka tara su da dare ka miƙe ƙafa, ba su da inda za su, sai su kwana suna yawo cikin jini.

Abin da zan ce maka ke nan. Ka ɗauke nauyin abincinka daga dare ka mayar da shi safe da rana. Da dare miya da ganye da ɗan wake, tuwo kuwa kada ya wuce dunƙulen hannunka. Hannunka na ce, ba hannun Is'haƙa direba ba. Suga a shayi ka yi sallama da shi. Tun da na kama wannan hanyar awona ya sauka, nauyin kan da nake tashi da shi ya bar ni.

Ka faɗa wa Inna. Gara ta ji daga bakinka da ta tsinci ƙwaya a aljihunka. Ciwon nan ba shi ne mutuwa ba, ga ni ina zaune da shi ina cin mutuncinka a takarda.

Yayarka,
Mas'uda

*

Tibiri, an yi shuka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. An samu ruwa mai kyau, gero ya fito. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ya taso, sannan akwai abin da na rasa yadda zan rubuta.

Na bi maganarki. Tuwon dare ya koma dunƙule, har Shamsiyya tana tambaya ko girkinta ne ya lalace. Shayi ba suga, kamar ruwan sabara. Na safen ne dai ban samu kansa ba tukuna, cikina ba ya karɓar abinci da asuba, ga sauri, sai in haɗiye ƙwayata da shayi in wuce. In aiki ya lafa zan gyara.

Yanzu ga maganar. Kin san in na dawo daga ƙauyukan kudu ta gefen gonar Baba nake biyowa, wajen rana tsaka. Kwanan nan da na doshi tsamiyar bakin gonar sai gumi ya keto mini, gumi mai sanyi, ba na zafi ba. Hannuwana suka kama rawa a kan moto. Hanya ta zama biyu. Yaya, wallahi na ga kamar mutum tsaye a gindin tsamiyar da farar riga, bai juyo ba, amma na san tsayuwar. Ban san yadda na iso gida ba. An ce na shigo ina zagi, ni da ban taɓa ɗaga wa Shamsiyya murya ba, na yi jifa da buta, Amira ta gudu bayan rumbu. Ban tuna ko ɗaya ba.

Abin da na tuna, Inna ce durƙushe gabana da ƙwarya a bakina. Fura ce da nono, ta zuba suga har yana ƙasa-ƙasa. Na sha, kafin ta ɗauraye ludayi na dawo hayyacina, ina tambayar wa ya zubar da ruwan alwala.

Inna ta zauna ta dube ni, ta ce, "Wanga ba ciwo na ba. Ita ta. Ta zo biɗar abinta."

Kin san wadda take nufi, doguwar gidanmu, iskar da Inna ta ce tun kakanni tana zaune a tsamiyar. Kin tuna duk damina yadda Inna ke ɗaukar ƙwaryar fura da rana tsaka ta kai gona, ta tsiyaya kaɗan a saiwar itacen don doguwa, sauran Baba ya shanye. Kin kuma tuna shekarar da Baba ya saurari wa'azi ya tuba daga wannan, ya ce kada a sake kai ƙwarya gonarsa, zai jira har ya dawo gida. Daminar ba ta ƙare ba aka same shi kwance gindin tsamiyar, hauyarsa a gefe.

Ni ban yarda da doguwa ba, kin sani. Amma abin ya sake zuwa, kuma ya sake, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Kullum furar Inna ce ke tashe ni. Shamsiyya ba ta son wannan ko kaɗan, ta ce shirka ce ake ɗura mini. Gidan ya yi shiru irin wanda ba na so.

Na faɗa wa Inna ciwon, na nuna mata ƙwayar. Ta juya ta a tafin hannu ta ce, "Irin wagga ubanku ka sha." Ta miƙo mini ta shiga ɗaki.

Na fara jin tsoron rana tsaka, Yaya. Da safe lafiyata lau, amma da inuwata ta fara gajarta sai gabana ya kama faɗuwa.

Luƙman

*

Damagaram

Luƙman,

Ina gaishe ku duka. Mu lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta warke.

Na karanta takardarka na ajiye, na sake ɗauka. Ka ji ni da kyau. Zafi ne da gajiya, ka rage ci, jikinka bai saba ba, ga ka bisa moto yini guda. Wurin kuwa wuri ne da zuciyarka ta san abin da ya faru a cikinsa, dole ido ya nuna maka abin da babu. Ka sake hanya, ka bar bi ta gonar.

Furar nan da suga, Luƙman, ga mai ciwonmu guba ce. Inna tana yi ne don ƙauna, amma ƙauna ba ta sauke awo. Kada ka saki abin da na gaya maka ko da Inna ta yi kuka. In ka samu zuwa Dutsi ka koma wurin likita ka ba shi labari.

Na faɗi na hankali, bari in faɗi ɗayan. Gumin nan mai sanyi da ka rubuta ya hana ni sukuni. Ranar da aka kawo Baba bisa amalanke, ni na karɓi rigarsa. An yi ruwa da safe, garin lumshe yake, ba rana, har mutane na yafa zane. Amma rigar jiƙe take sharkaf, ba ruwan sama ba, gumi ne, na sansana. Ban taɓa gaya wa kowa ba don ban san ma'anarsa ba. Tun da takardarka ta zo, in ina buga takarda a biro sai in ji warin rigar nan a hannuna.

Na aiko maka saƙo a waya ka amsa da "lafiya lau." Na san "lafiya lau" ɗinka. Ka rubuto.

Mas'uda

*

Tibiri, gero ya kai gwiwa

Zuwa ga Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni ce Shamsiyya. Ina gaishe ki da girmamawa, ke da Baban yara. Baban Amira ya ce in amsa miki, shi hannunsa ba ya son riƙe bik ya yi rubutu kwanan nan. Amira lafiya. Inna ma lafiya a jiki.

Yaya, na gode da takardarki, ta ba ni ƙarfi. Ya sake hanya kamar yadda kika ce, ya riƙa zagayowa ta bayan kasuwa. Abin ya same shi a can ma, a lokacin da ya saba. Da ya ga haka, ga kuma ruwa ya cinye waccan hanyar, ya koma tsohuwar. Ya ce mini, "Ba wurin ba ne, ni ake bi." Tun da na aure shi ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar.

Ran Juma'a ya shigo yana tangaɗi, idanu a kafe, yana kiran Baba. Inna ta fito da ƙwarya. Allah ya gafarta mini, na karɓe ta daga hannunta na tuttular a ƙasa. Na ce, Inna, Yaya da kanta ta rubuto guba ce, kuma ba za a ciyar da iska a gidan da ake sallah ba. Ta tsaya tana kallon furar tana shiga ƙasa. Na san na yi rashin kunya, amma mijina ne, ina tsoron ciwonsa, ina kuma tsoron lahirarsa.

Na aika aka kira Malam Nasiruddeen na masallacin unguwarmu, mutumin kirki ne, ya zo da gudu. Ya yi masa ruƙiya, ya ba shi zuma cokali biyu da habbatus sauda. Yaya, kafin a jima ya buɗe ido ya gane mu. Kin ga ashe ba sai da ƙwaryar doguwa ba, ayar Allah ta isa. Na yi maganar zaƙin zuma, Malam ya ce zuma waraka ce, ba kamar sugar kanti ba.

Malam ya ce shafar aljani ce, kuma a ƙuntata masa hanya da azumi. Ya ba shi azumin Litinin da Alhamis. Wannan makon akwai baƙi daga Dosso, sai Alhamis ta sama zai fara. Ya ce ba zai wahala ba tunda dama ba ya cin komai da rana, ya sha ƙwayarsa da ruwa lokacin sahur ya fita aikinsa. Ni ma zan yi tare da shi.

Abin da ke damuna Inna ce. Ta daina yi mini magana sai gaisuwa. Kullum da hantsi ta ɗauki kwando ta rufe da zane, ta ce za ta tsinko tafasa, ba ta dawowa sai bayan azahar, ƙafafu duk laka, ganyen bai cika tafin hannu ba. Mace mai ciwon gwiwa. Ki yi mata magana in kin rubuto, ke tana jin taki.

Ki sa mu a addu'a. Ina son ƙaninki, Allah ya sani.

Ƙanwarki,
Shamsiyya

*

Damagaram, Laraba

Luƙman, Shamsiyya, duk wanda ya fara buɗe wannan,

Ku gafarce ni, gaisuwa a taƙaice. KADA YA YI AZUMIN NAN. In ya ɗauka ya karya yanzu, kafin ku karanta sauran.

Takardar Shamsiyya ta kwana a Konni cikin motar Is'haƙa da ta lalace, sai jiya ta iso hannuna. Yau ranar awona ce, na kwashi takardunku duka na kai wa likitana, na ce ya karanta ko zai gane irin haukan da ke damun ƙanina. Bai kai ƙarshe ba ya ɗago ya tambaye ni wace ƙwaya yake sha. Na ce ƴar ƙarama fara, sau ɗaya da safe. Ya ce, yana cin abinci bayanta? Na koma takardarka, Luƙman, na ga layin da ka ce na safe ba ka samu kansa ba. Na karanta layin nan a baya, idona ya wuce shi.

Ga abin da ya ce. Sai an ga kwalin za a tabbatar, amma alamun duk sun nuna ƙwayarka ba irin tawa ba ce. Tawa ba ta cika faɗar da suga ƙasa ba. Irin taka tana jan suga daga jini ko ka ci ko ba ka ci ba. Da can sugan shayinka da tulin tuwon dare su ke riƙe ka. Na sa ka cire su, ba ka sa komai a gurbinsu ba, ƙwaya tana aikinta cikin jikin da babu abinci. Zuwa rana tsaka suga ya ƙare. Gumi mai sanyi, rawar hannu, ganin biyu-biyu, zagi, mantuwa, duk na wannan ne. Ba yawan suga ke kayar da kai ba, rashinsa ne. Shi ya sa fura ta tashe ka, shi ya sa zuma ta tashe ka. In ba a samu mai ba da abu mai zaƙi ba, mutum yana iya sumewa ya wuce daga nan.

Na ce maka furar Inna guba ce. A wannan lokacin ita ce magani. Ka ci abinci mai nauyi da safe tare da ƙwayar, ka ci wani abu da rana, ka sa dabino da sugar shayi a aljihu, ka je Dutsi da kwalin maganin. Shamsiyya, in ya fara gumi ki ba shi zaƙi tun yana iya haɗiya, addu'ar ki yi ta kina ba shi.

Ma'azu ya yi ta kiran wayoyinku tun azahar, ba sa shiga, an ce ruwa ya kayar da rezon waya a wajenku. Na tura saƙo, bai tafi ba. Zan ba babbar motar da ke tashi yau, a ajiye a tashar Dutsi a ba ɗan kabu-kabu ya kawo.

Wannan na ƙasa kada a karanta wa Inna. Ta ce ƙwayarka irin ta Baba ce. Baba da safe goro kawai yake ci ya ɗauki hauya. Duk shekarun nan ƙwaryar rana tsaka ce ke riƙe da shi, shi bai sani ba, Inna ba ta sani ba. Ya hana ta, ya yi ta jurewa har ranar da ya kasa. Yanzu na san ma'anar rigar nan.

Gobe Alhamis. Ya Allah, gobe Alhamis.

Mas'uda

*

Tibiri, gero ya fara fidda kai

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ni ne da hannuna, ina raye, ki kwantar da hankalinki. Na san Ma'azu ya gaya miki haka da rezo ya dawo, amma akwai abin da ban iya faɗa masa ba. Shamsiyya da Amira lafiya, suna gaisuwa.

Takardarki ran Juma'a ta iso. Alhamis na ɗauki azumi, na sha ƙwaya da ruwa, na fita. Tun hantsi na fara jin abin, da wuri fiye da kullum. Na ce aljanin ne ke jin jiki, na ƙara ƙaimi da karatu. Na juyo gida. Na tuna na hango tsamiya, na tuna moto yana kwanciya da ni cikin kunyar gona. Hanyar ba kowa, duk mutane suna cikin gonaki.

Sai na ga mai farin tufa ya taso daga gindin itacen yana nufo ni. Na ce shi ke nan, Baba ya zo tafiya da ni. Yaya, ban ji tsoro ba, wani sanyi ma na ji.

Inna ce, da farin mayafinta. Tafasar da take tsinkowa ke nan. Tun ranar da aka tuttular da furarta, kullum sai ta dama wata a ɓoye, ta rufe cikin kwando, ta taka da gwiwar nan tata har gonar Baba, ta zauna tana jira in wuce. In ta ga na wuce lafiya ta tsiyaya wa saiwa, ta koma. Ban taɓa lura da ita ba, don na daina kallon wajen tsamiyar.

Ta ɗaga kaina bisa cinyarta. An ce ina ture ƙwaryar ina cewa azumi nake. Ta ce mini, "Ni na haihe ka. Sha, alhakin bisa kaina." Na sha. Masu amalanke suka kawo mu gida, ni da ita da moto.

Na je Dutsi da kwalin. Likita ya tabbatar da maganar likitanki, ya rage mini ƙwayar, ya yi mini faɗa da Hausa wannan karon. Yanzu Shamsiyya na tashi kafin asuba ta yi mini ɗumame, in ci ko cikina ya so ko bai so ba. Ina tafiya da ƙunshin dambu da dabino, in zauna bakin hanya in ci nawa, ba wanda zai ce na ci na wani. Malam Nasiruddeen ya zo dubiya, aka yi masa bayani, ya yi salati ya ce marar lafiya ba a ɗora masa azumin nafila, da ya sani da bai faɗa ba. Abin bai sake zuwa ba.

Saura maganar Inna. Da takardarki ta zo ina kwance, Shamsiyya ta durƙusa gabanta ta nemi gafara, ta ce bari ta karanta mata ta ji furarta ce ta yi gaskiya. Da ta iso wurin da kika ce a tsallake, ta tsallake. Inna ba ta karatu, amma ta ga idonta ya yi tsalle. Ta ce, "Koma inda kinka bari. Na haɗa ki da Allah." Shamsiyya ta dube ni, ta koma kan takardar. Ta karanta.

Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ashe ba ita ta ba." Ta ce, "Ranar nan na dama hura. Jikina ya ba ni. Na aza ta bisa kai har ƙohwar gida, na tuna ya hana, na komo na aje. Ina zamne da ita gabana anka kawo shi."

Shamsiyya tana kuka ta ce, Inna, kwana ne ya ƙare, ba mai ƙara wa wani ko rage masa. Inna ta ce, "Na sani, ɗiyata."

Shekarun nan duka tana da wadda take jin haushi, tana da wadda take lallashi. Yanzu mun ɗauke mata doguwar, mun bar ta da ƙwaryar. Ba laifinki ba ne, takardarki ce za ta riƙe ni da rai, amma na kasa kallon Inna ido da ido.

Ta daina zuwa tsamiya. Da rana tsaka, in ina gida, takan dama fura ba suga da yawa, yadda likita ya yarda. Ƙwarya biyu take yi. Ɗaya ta miƙo mini. Ɗayar ta rufe da faifai, ta kai bakin ƙofar gida ta ajiye, ta zauna kusa da ita tana kallon hanyar gona har a kira azahar. Ba mai taɓa ta. Da la'asar ta ba awaki.

Ki nemi hutu ki zo, Yaya, ko na mako ɗaya ne. Jiya na zauna kusa da ita na ce, Inna, ƙwarya ɗaya ta isa. Ta ce ta sani. Yau ma biyu ta dama.

Ƙaninki,
Luƙman